Kai Yara Yankari: Dawa Ba Gidan Zu Ba Ce

Yawancin iyaye idan za su kai yara Yankari, giwa da zaki suke sa musu a rai tun daga gida. Daga nan ake fara samun matsala. Yaron da ya saba da gidan zu, inda dabba ke cikin keji tana jiran 'yan kallo, zai zaci haka abin yake. Amma Yankari daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, kuma dabbar da ke cikinsa ba ta yi alkawari da kowa ba. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006.

Lokacin zuwa shi ne rabin tafiyar. Da damina ciyawa kan yi tsawo, ruwa ya wadata ko'ina, namun daji su warwatsu. Da rani kuwa, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ƙishirwa ke tattaro su bakin kogin Gaji, a nan ake ganin ɓauna da gwanki da gwambaza, wani lokaci har da garken giwaye. Ana zagayen kallo ne da sassafe ko da la'asar, a mota, tare da ɗan jagora. Giwayen Yankari na cikin mafi yawa da suka rage a Najeriya, duk da haka ana iya yin kwana biyu ba a ga ko ɗaya ba. Zaki kuwa, wanda ya gan shi ya yi babbar sa'a. Gara a faɗa wa yara haka tun a hanya, a kuma ba su aikin yi: su ƙirga tsuntsaye, waɗanda ire-irensu sun haura 350, su nemi sawun giwa da kashinta da rassan da ta karya.

Dabbar da ya kamata uwa ta sa wa ido ba zaki ba ce, gwaggon biri ne. A sansanin Wikki, inda baƙi ke kwana, suna yawo tsakanin ɗakuna ba tsoro ba kunya. Sun san leda, sun san kular abinci, sun kuma gane cewa ƙwace a hannun yaro ya fi sauƙi. Kada a bar ƙaramin yaro ya fita da biskit ko lemo a hannu, kada a bar ƙofa ko tagar mota a buɗe ko da na minti ɗaya. In sun fizge abu, a bar musu. Haƙoran babban namiji ba abin wasa ba ne. A ganina masu jefa musu abinci don ɗaukar hoto su ne suka lalata su, kuma baƙon da ya zo daga baya ne ke biyan bashin. Shi kuwa gadu, da ke kiwo a durƙushe a filin sansanin, ba ruwansa da kowa muddin ba a matsa masa ba.

Abin da yara ba sa mantawa shi ne ruwan Wikki. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau har ana hango yashin ƙasa, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Kimanin lita miliyan 21 ke fita kullum zuwa Gaji. Tsabtar ruwan kan ruɗi ido, sai a ga kamar ba zurfi, alhali wajen idon ruwan yakan shanye babban mutum. Yara su tsaya can ƙasa inda bai wuce ƙugu ba, babba na cikin ruwan tare da su, ba yana gefe yana danna waya ba.

Batun kwana, akwai ɗakunan haya, wanda kuma ke son kafa tanti ya fara neman izinin ma'aikata su nuna masa wuri. Ko wanne aka zaɓa, a riƙe gidan sauro da tocila da ruwan sha da maganin zazzaɓi, da rigunan sanyi in hunturu ne. Doguwar riga mai haske tana rage cizon tsando.

In yaran sun ɗan tasa, a kai su kogunan Marshall, ɗakuna 59 da magabata suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey. A leƙa kuma ɗan gidan tarihin sansanin, inda aka ajiye haure da fatu da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. Tambayoyin da yaro zai yi a nan sun fi na cikin mota yawa. Ranar komawa a tashi da wuri, domin daga Wikki zuwa ƙofar Mainamaji kaɗai ya haura kilomita 40, kafin a kama hanyar Dindima zuwa Bauchi.