Doguwar Tafiya a Kan Keke: Gaskiya ko Jita-jita?

A 'yan shekarun nan labarin masu doguwar tafiya a kan keke ya yawaita. Yau a ce wani matashi ya tashi daga garinsu ya nufi Abuja, gobe a ce wani ya ɗaura niyyar Makka. A majalisun hira na Sakkwato, daga bakin Kasuwar Kara zuwa teburin mai shayi a Mabera, kowa da abin da yake faɗi a kansu. Wasu na ganin jarumai ne, wasu na ganin neman suna ne kawai. Mafi yawan abin da muka sani daga bidiyon waya muka samo shi, shi kuwa bidiyo ranar tashi da ranar isa yake nuna mana. Kwanakin da ke tsakani, inda ainihin tafiyar take, ba kasafai ake ɗaukarsu ba, sai kowa ya cike gurbin da zatonsa. Ga wasu daga cikin maganganun da muka saba ji, da abin da yake tabbas game da su.

"Sai mai ƙarfi na musamman ke iya irin wannan tafiya"

Mai lafiya da ya saba hawan keke zai iya, in ya bi a hankali. Yawancin masu irin wannan tafiya, da kayansu a ɗaure, suna yin kilomita 15 zuwa 20 a awa ɗaya, su yi tsakanin kilomita 60 da 100 a rana. Ke nan daga Sakkwato zuwa Illela, mai nisan kimanin kilomita 85, tafiyar yini guda ce ga wanda ya saba. Gusau kuwa, da ta haura kilomita 200, kwana biyu zuwa uku ce. Abin da ke wahalar da matafiyi shi ne ya tashi gobe ya sake, jibi ma ya sake, alhali cinyoyinsa da mazauninsa suna ciwo. Kwanakin farko ne mafi tsanani, daga nan jiki ya fara sabawa.

Wannan zato ya samo asali ne daga labaran 'yan tsere. A 2017 wani ɗan Birtaniya, Mark Beaumont, ya zagaye duniya a keke cikin kwana 79 ba kaɗan, yana yin kusan kilomita 385 kullum. Amma shi yana tare da ayarin motoci da masu dafa masa abinci da masu duba lafiyarsa. Idan muka auna matafiyi na yau da kullum da irin wannan, dole mu ɗauka abin ya fi ƙarfin talaka. Mu kuwa a ƙauyukanmu muna da dattawan da ke ɗora buhun gero a bayan keke su kai kasuwar mako su dawo, ba wanda ya taɓa kiransu 'yan wasa.

"Ba a yin ta sai da keke mai tsada na ƙasar waje"

Keke mai giya yana sauƙaƙa hawan tudu da tuƙi cikin iska, wannan gaskiya ne. Amma tarihi ya nuna ba sharaɗi ba ne. A 1963 wata mata 'yar ƙasar Ayalan, Dervla Murphy, ta yi tafiya daga Turai har Indiya, ta ratsa Iran da Afganistan da Pakistan, a kan keken da ta sa aka cire wa giya don kada ta lalace mata a inda babu mai gyara. Wani Bajamushe, Heinz Stücke, ya bar gida a 1962, ya shafe shekaru kusan hamsin yana yawon duniya, mafi yawansu a kan keken ƙarfe mai giya uku.

A hanyoyinmu tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: in keken ya lalace a Tambuwal ko Gwadabawa, akwai mai gyara da kayan gyaran? Phoenix da Raleigh da ire-irensu, kowane mai gyaran keke ya san cikinsu, kuma ana samun taya da kaca da birkinsu a kasuwar ƙauye. Keke mai tsada kuwa, ƙaramin ƙarfe ɗaya zai iya zaunar da mutum mako guda yana jiran saƙo daga Kano ko Legas. Abin da ba a rabuwa da shi shi ne famfo da kayan faci da tiyub na ajiya da sifana. Faci abin kullum ne a ƙasarmu saboda ƙaya. Sau da yawa ba a kan kwalta ake samunsa ba, sai lokacin da mutum ya gangara gefen titi neman inuwa, ya tura keken a kan tsidau ko ƙayar bagaruwa. Waɗanda suka ƙware sukan ɗaga keken ne su kai shi gindin bishiya. Dalilin yaɗuwar zaton cewa sai da keke mai tsada kuwa, baƙin da muke gani suna wucewa da jakunkuna masu launi su suka fi ɗaukar ido, sai muka ɗauka kayan ne ke yin tafiyar.

"Daga fitowar rana har faɗuwarta ana kan sirdi"

A ƙasar Sakkwato wanda ya yi haka ba zai kai labari ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi. Tsarin da ya dace da yanayinmu shi ne a tashi da an idar da sallar Asuba, a yi mafi yawan tafiyar kafin hantsi ya ɗaga sosai, a sauka a wani gari a yi ƙailula har bayan Azahar ko La'asar, sannan a ƙara kaɗan a tsaya kafin Magariba. Awa biyar ko shida ke nan na tuƙi. Sauran yinin yana tafiya ne wajen neman ruwa, cin abinci, wankin riga, cajin waya, duba taya, da amsa tambayoyin jama'a. Haka fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suke yi a da: sammako, sannan a yada zango da sauran rana.

Iska ma tana da nata hukunci. A lokacin hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai zuwa Jega da Kwantagora tana tura shi, mai zuwa Illela da Ƙonni kuwa da ita yake kokawa. Da damina sai ta juya. Kilomita 50 cikin iska mai dukan fuska sun fi 80 gajiyarwa in tana bayanka, shi ya sa ba a tsara kwanakin tafiya da taswira kaɗai.

"In dai ana shan ruwa da yawa, ko an sha abin ƙara kuzari, ba matsala"

Nan akwai gaskiya rabi, kuma rabin da ya ɓace yana da haɗari. Mai tuƙa keke cikin zafi yana iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a awa guda, gumi kuwa da gishiri yake fita. Wanda ya yini yana ɗura ruwa zalla ba ya cin komai, gishirin jininsa na iya raguwa, ya fara ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa. Maganin yana hannunmu: cin abinci mai gishiri a kai a kai, da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Abincin hanyarmu ma ya wadatar: fura da nono, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, ƙosai, shayi da biredi, tuwo da daddare. Jiki na neman abinci fiye da na zaman gida nesa ba kusa ba, kuma gara a ci kaɗan-kaɗan tun yunwa ba ta kama ba.

Lemon gwangwani mai ƙara kuzari da ƙwayoyi irin su Tramadol ba sa maye gurbin abinci da hutu. Ɓoye gajiya suke yi, gajiyar kuwa ita ce gargaɗin da ke sa mutum ya tsaya kafin zafi ya kayar da shi. Ana yarda da su ne saboda a awar farko mutum yakan ji kamar sun yi aiki. Duk wanda aka ga yana jiri, maganarsa ta rikice, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nemi asibiti nan take.

"Yawan hawan keke yana kashe mazakuta, yana kawo basir"

Wannan magana ta daɗe, kuma akwai abin da ya haife ta. Wanda ya daɗe a kan sirdin da bai dace da shi ba yakan ji gabansa ya yi sanyi ko ya dunƙule na ɗan lokaci, saboda nauyinsa ya danne jijiyoyin wurin. Daga nan tsoro ke shiga. Sai dai wani babban bincike da likitocin Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka wallafa a 2018, wanda ya kwatanta dubban masu hawan keke da masu gudu da masu ninkaya, bai sami cewa masu keke sun fi sauran fama da raunin mazakuta ba. Gyaran shi ne a daidaita tsayin sirdi, kada bakinsa ya ɗaga sama, a riƙa miƙewa a kan feda lokaci-lokaci. In matsalar ta ƙi wucewa bayan an huta, a ga likita. Basir kuwa ya fi alaƙa da taurin bayan gida da yawan yunƙuri. Keke na iya tsananta wa wanda yake da shi, amma ba shi ke haifar da shi ba. Abin da ya fi damun matafiya a zahiri shi ne saɓar fata da ƙuraje a mazauni, maganinsu kuwa wanka da sauya wando mai tsabta kullum.

"Mai keke ba wanda zai taɓa shi, duk inda dare ya yi sai ya kwanta"

Da ma a ce haka ne. Mun san halin da gabashin jihar Sakkwato yake ciki, irin su Isa da Sabon Birni, da kuma hanyoyin Zamfara, inda 'yan bindiga suka shafe shekaru suna tare hanya suna garkuwa da mutane. Rashin kuɗi a aljihu ba kariya ba ne, domin dangi ake nema da fansa. Baƙon da aka gani shi kaɗai a bayan gari da dare kuma, su kansu 'yan sintiri na iya zarginsa da leƙen asiri. Don haka kwana a cikin gari ake yi, kuma ta ƙofar da al'ada ta tanada: a isa da sauran haske, a yi sallama da mai unguwa ko limami, a faɗi daga ina zuwa ina, a nuna katin shaida. Galibi ba a rasa zaure ko barandar masallaci, har da ƙwaryar tuwo. Da safe a tambayi direbobin tasha labarin hanyar gaba. In sun ce akwai matsala, a ɗora keken a mota a tsallake wurin, ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma haɗarin da ba mu cika ambata ba, wato manyan motoci. A kan titi mai hannu ɗaya, tirela biyu na iya haɗuwa daidai inda mai keke yake. Hular kwano da riga mai ƙyalli da saurin sauka gefen titi sun fi kowace dabara amfani, tuƙin dare kuwa a bar shi gaba ɗaya.

"Tunda keke ne, ba a buƙatar takarda a kan iyaka"

Mun saba ganin mutanen Illela da Ƙonni suna shige da fice ranar kasuwa, sai muka ɗauka haka abin yake har Yamai ko Injamena. Wanda zai yi nisa yana buƙatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, da biza ga ƙasashen da ke nemanta. Rasit ɗin keken ma yana raba gardama a shingen bincike. Dokokin kuma suna sauyawa: an rufe iyakarmu da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Abin da wani ya tarar bara ba lallai shi za a tarar bana ba, don haka a tuntuɓi hukumar shige da fice kafin a ɗaura kaya.

"Duk wanda ya yi irin wannan tafiya, arziki na jiransa a ƙarshe"

Labarin da ya fi ƙarfafa wannan zato shi ne na Mamadou Safayou Barry, matashi ɗan ƙasar Gini. A 2023 ya hau keke don zuwa Jami'ar Azhar a Masar saboda ba shi da kuɗin jirgi. Ya yi kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar zuwa Cadi. Ya sami gurbin karatu kyauta, daga baya kuma ɗan fim ɗin Amurka Will Smith ya ba shi sabon keke da kwamfuta. Wannan ɓangaren kowa ya ji shi. Abin da ba a cika maimaitawa ba shi ne an tsare shi har sau uku a hanya, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo, kuma daga Cadi a jirgi ya ƙarasa, bayan wani ɗan jarida ya yaɗa labarinsa mutane suka tara masa kuɗi.

Wanda ya dace ne labarinsa ke yawo. Wanda ya isa ƙofar wani babba aka ce ba ya nan, ko wanda ya juyo a rabin hanya da ciwon gwiwa, ba mai ɗaukarsa a waya. Duk mai sha'awar wannan tafiya ya yi lissafin guzurinsa na zuwa da na dawowa daga aljihunsa, da izinin iyaye da sanin iyali. Kuma ya fara da kusa: Kware ya dawo a yini ɗaya, sannan Argungu ya kwana, bayan ya tambayi lafiyar hanya. A waɗannan gajerun tafiye-tafiye zai san ruwan da jikinsa ke sha, da sirdin da ya dace da shi, da ko sha'awar tasa za ta kai rana ta uku.