Wa Ke Da Wuƙa Da Nama A Sha'anin Kiwon Lafiya?

Majinyacin da aka tura daga ɗakin shan magani na ƙauyensu zuwa Asibitin Murtala Muhammad da ke Kano, daga can kuma zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya ratsa matakai uku na gwamnati ba tare da ya sani ba. Bisa asalin tsari, na farko alhakin Ƙaramar Hukuma ne, na biyu na Jiha, na uku kuwa na Tarayya.

Manufar Lafiya ta Ƙasa ta 1988 ce ta fayyace wannan rabo, a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya. Shi kuwa Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wa Tarayya ikon yin doka a kan magunguna da killace masu cuta, amma bai mallaka mata kula da lafiyar jama'a ita kaɗai ba. Saboda haka Abuja tana iya tsara manufa, ta kuma ba da kuɗi, amma aiwatarwa sai da yardar jiha.

An ga haka ƙuru-ƙuru a 2003, lokacin da Gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna saboda shakkar da aka nuna kan ingancin maganin. Tarayya ba ta da yadda za ta yi sai lallashi. Ba a koma aikin ba sai a watan Yuli na 2004, bayan cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da a da suka rabu da ita.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta biyo ta hanyar aljihu. Ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar Tarayya, da sharaɗin jihar da ke son cin moriyarsa ta kawo nata kason.

To, abin lura shi ne, matakin da ya fi kusa da talaka, inda ake awon ciki da rigakafin yara, shi ne mafi ƙarancin kuɗi da ma'aikata. Ran da ungozoma ta rasa albashi ko magani ya yanke, kowane mataki sai ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Muddin ba a tsai da wanda za a tuhuma ba, mai jego ta ƙauye ce za ta ci gaba da ɗanɗana kuɗar wannan rabo.