Shirin Musamman: Idan Tarakta Ta Ƙi Lafiya Bayan Garambawul

Shirin na yau ya shafi matsalar da masu tarakta kan ci karo da ita bayan an yi wa inji garambawul, wato an sauke shi an warware, an sauya fistan da zobbansa da silib da metal, aka mayar aka ɗaure, amma ya ƙi tashi, ko ya tashi yana hayaƙi babu ƙarfi. Misalin da za a ɗauka shi ne injin Perkins mai silinda huɗu na Massey Ferguson 375, taraktar da ta yawaita a gonakin arewacin Najeriya. Galibi laifin yana komawa ne ga hannun da ya haɗa kayan, shi ya sa gogaggen bakanike ba ya gaggawar sake buɗe inji sai ya gama binciken abin da ke waje.

Abu mafi sauƙi shi ne iska a bututun mai, domin iska tana matsuwa, kuma muddin tana ciki nozul ba zai sami ƙarfin buɗewa ya fesa mai ba. Ana fitar da ita ta hanyar sassauta notin filta da na injakta, a buga famfon hannu har mai ya fito babu kumfa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tayimin, wato daidaita lokacin da mai ke shiga silinda da lokacin da fistan ya kusa ƙololuwar matsi. Injin dizal ba shi da fulogi, zafin iskar da aka matse ne ke kunna man, saboda haka ɗan jinkiri kaɗan ya isa ya ɓata ƙonewar. Karanshaf yana juyawa sau biyu kafin injakta ta juya sau ɗaya, don haka idan ba a haɗa alamomin da ke jikin giyoyin gaban inji daidai ba, mai zai iya zuwa a lokacin da silinda ke fitar da hayaƙi. Hanyar tabbatarwa ita ce a kawo fistan na ɗaya sama bawulolinsa biyu a rufe, yayin da na silinda ta huɗu ɗaya ke rufewa ɗaya ke buɗewa, sannan a bi bututun nozul a ga sun dace da jerin tashin injin, 1-3-4-2. A nan ne kuma ake auna tazarar bawul, wadda a injin Perkins 4.236 milimita 0.30 ce in inji ya huce. Idan ta yi kaɗan, bawul ba zai rufu sosai ba bayan inji ya ɗau zafi, matsi ya zube, bakin bawul ya ƙone.

Hayaƙin salansa ma shaida ne. Fari mai warin gas mai ne da bai ƙone ba, wanda ke nuna jinkirin tayimin ko raunin matsi, amma in ya zo tare da raguwar ruwa da kumfa a lagireto, gaskit ɗin kan inji ne abin zargi. Baƙi yawan mai ne ko toshewar filtar iska, abin da ƙurar hunturu ke haddasawa. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Fitilar baƙin mai ce kawai ba a jayayya da ita: in ta ƙi mutuwa bayan 'yan daƙiƙu, kashe inji ake yi nan take.

Shuɗin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa yakan fito daga zoben da aka sa a juye, amma sau da yawa tausayin mai tarakta ne sanadi. Sabon silib yana da ƙananan zane-zane da aka yi masa da gangan, domin zobba su goga su zauna daram, kuma matsin aiki ne ke tura zobban jikin bango. Injin da aka bari yana silo awa da awanni da sunan lallaɓawa, bangon silindarsa kan yi santsi kamar gilashi, daga nan sai shan baƙin mai, wanda sau da yawa ba ya gyaruwa sai an sake buɗewa. Abin da ya dace shi ne a ɗaura haro a shiga gona da nauyi matsakaici, ana sauya gudun inji, sannan a juye baƙin mai da filtarsa bayan kimanin awa 50, a kuma sake auna tazarar bawul.