Suturar Fim da Masaƙun Kano da Suka Durƙushe

A shekarar 2019 Ruth E. Carter ta zama baƙar fata ta farko da ta lashe kyautar Oscar a fannin tsara suturar fim, saboda aikinta a Black Panther, ta kuma maimaita a 2023. Ba da ka ta ƙirƙiro kayan ba. Sai da ta yi nazarin bargon Basotho, da duwatsun wuyan Masai, da shigar Buzaye.

Ita kuwa shigar Buzaye tana da jiɓi da Kano. Rawanin ɗan Kura, turkuɗin nan da ake bugawa a mabuga har ya yi ƙyalli, shuninsa yana zuba a goshi, daga ƙasar Kano fatake suke kai shi Agadas. Da matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, saƙa da rini ya tarar suna riƙe da arzikin birnin.

Wannan gado ne masaƙun zamani suka ɗora a kai, lokacin da Bompai da Sharada da Challawa suka cika da masana'antu. Daga baya tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, da ƙarancin wutar lantarki, da kwararowar atamfar fasa-ƙwauri suka taru suka karya su. Masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda suka rufe.

Ba magidanta kaɗai abin ya shafa ba. Uban da aka sallama ba ya iya biyan kuɗin makaranta, sai yarinya ta ɗauki farantin talla, yaro ya kama tura kurar ruwa, alhali tsararsu a Nasarawa GRA suna aji.

Kannywood, wadda ta faro da fim ɗin Turmin Danya a 1990, ta taso ne daidai lokacin wannan durƙushewa. Shi ya sa za ka ga jarumi ya fito a matsayin sarkin dauri sanye da shaddar waje daga Kantin Kwari, maimakon saƙi ko tsamiya mai aska takwas.

Ya kamata furodusoshi su mai da tsara sutura sana'a mai kasafin kuɗinta, su nemi marinan Ƙofar Mata da maɗinka aikin hannu tun kafin a kunna kyamara. Fim ba zai ta da masaƙa shi kaɗai ba. Wannan aikin gwamnati ne da wadatar lantarki. Amma abin da jarumi ya sa yau, shi samari za su nema wajen tela gobe, kuma cinikin da ya tsaya a gida shi ke mai da yaro makaranta.