Guguwa Ɗaya Tak Ta Isa

Kowace shekara a watan Mayu, hukumar NOAA ta Amurka kan fitar da hasashenta na guguwar Tekun Atilantika, wadda lokacinta ke somawa ranar 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Da an ce bana guguwa za ta yi yawa, sai hankali ya tashi a tsibiran Karibiyan. Da an ce za ta yi ƙaranci, sai kowa ya miƙe ƙafa. Wannan miƙe ƙafar ita ce ke damuna.

Hasashen nan ƙidaya ce kawai ta tekun baki ɗaya. A matsakaiciyar shekara akan samu guguwa 14 masu suna, 7 su zama mahaukata, 3 su kai matuƙar ƙarfi. Masana na duba ɗumin ruwan teku, wanda sai ya kai wajen digiri 26 guguwa ke samun abin ci, su duba El Nino da ke aiko iskar sama mai wargaza ta, da busasshiyar iskar Sahara mai shaƙe ta. Suna kuma lura da daminarmu, domin da yawa daga cikin manyan guguwowin nan hadarin da ya ratso Sahel ne, ya fita teku ta wajen Sanagal ya girma.

Amma duk wannan lissafi ba ya nuna tsibirin da za a faɗa wa. Kamar a ce wa makiyayi bana kuraye kaɗan ne a daji: ai ɗaya ce za ta shiga garke. A 1992 guguwowi masu suna ba su kai goma ba, amma ta farkonsu, Andrew, ta ragargaji Bahamas da kudancin Fulorida.

Wani kuskuren kuma shi ne auna haɗari da ƙarfin iska kaɗai. Ruwa ya fi iska kisa. A 2004, Jeanne ba ta da ƙarfin mahaukaciya sa'ad da ta wuce Haiti, amma ruwan da ta zubar kan tsaunukan da aka sare wa itatuwa ya gangaro birnin Gonaives, ya hallaka kusan mutum 3,000. A 2015 Erika ta yi wa Dominika irin haka da ambaliya da zaftarewar ƙasa, alhali ita ma ba ta kai matakin mahaukaciya ba.

Saboda haka jami'in da ya jingine gyaran magudanan ruwa da wuraren fakewa don an ce shekarar mai sauƙi ce, da ran talaka yake caca. Haka ma wanda ya bari aka yi gini a kan hanyar ruwa. Mu ma da muke jiran hasashen hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, kowace shekara, mu ɗauki darasi: ko an ce ruwa zai yi yawa, ko an ce zai yi kaɗan, a yashe kwata, a gyara rufi, a kuma saurari gargaɗin kullum.