Cocin Sandy Creek da Makabartarsa

A watan Nuwamba na 1755 wani mai wa'azi, Shubal Stearns, haifaffen Boston, ya sauka da ayarinsa a dajin Sandy Creek, cikin yankin da yau ake kira Randolph a Karolina ta Arewa, a Amurka. Su 16 ne kacal, har da ƙanwarsa Martha da mijinta Daniel Marshall. Suka kafa ɗan ɗakin sujada na Baftis, kuma kafin a jima mambobi suka kai 606. Morgan Edwards, wanda ya zagaya yankin yana rubuta tarihin Baftis, ya ce cikin shekara 17 coci 42 da masu wa'azi 125 suka fito daga wannan wuri. Sai kuma ga lissafin 1772: mutum 14 suka rage.

Nan ne masu gaggawar yanke hukunci ke tuntuɓe. Su ga 14, su leƙa makabartar ƙauye da ke gefen cocin, su ce ai abin ya mutu tare da Stearns, wanda ya rasu a 1771 aka binne shi a nan. Wannan karatu ne na malalaci! Makabarta tana riƙe waɗanda suka zauna ne kawai, ba ta da labarin waɗanda suka tashi. A nemi kabarin Daniel Marshall a Sandy Creek, ba za a same shi ba, domin yana Jojiya, inda ya kafa cocin Kiokee a 1772, wanda har yau shi ne cocin Baftis mafi daɗewa a jihar. Ɗaruruwan da suka ɓace daga littafin mambobi kuwa, ƙaura suka yi. Manoman yankin sun gaji da harajin zalunci da kuɗaɗen da jami'an kotu ke tatsa, suka yi bore, Gwamna William Tryon ya murƙushe su a yaƙin Alamance cikin Mayun 1771. Iyalai suka ɗaure kaya suka nufi Tenesi da Karolina ta Kudu da Jojiya, da irin wa'azinsu mai zafi da hawaye a bakinsu. Wanda ya ga rumbu wayam bayan ruwan shuka, ai gona ya kamata ya duba.

Wani zai ce, to cocin da ya kasa riƙe jama'arsa ina nasararsa? Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, domin Sandy Creek bai sake cika kamar da ba, kuma a ƙarni na 19 ragowar suka rabu biyu kan batun ƙungiyoyin mishan. Amma Stearns bai taɓa nufin tara jama'a wuri ɗaya ba. Tun 1758 ya haɗa coci-cocin da suka fito daga nasa cikin ƙungiya guda, yana tura masu wa'azi gaba. A auna shi da abin da ya sa a gaba: yawan coci-cocin Baftis na kudancin Amurka da ke jingina asalinsu da wannan daji shi ne amsar.