Ƙungiyar Masu Nazarin Ɗabi'a a Saudiyya: Daga Cibiyoyin Galahanga Zuwa Masana'antun Riyadh

Nazarin ɗabi'a fage ne da ya ginu a kan ayyukan B. F. Skinner. Tushensa shi ne cewa abin da ke gabatar aiki da abin da ke biyo bayansa su ne suke ƙarfafa aikin ko su raunana shi. Uwar ƙungiyar masanan, ABAI, ta kafu a Amurka a 1974, hukumar ba da shaidar ƙwarewa ta BACB kuma a 1998.

A Disambar 2019 ne BACB ta sanar da cewa daga 1 ga Janairun 2023 za ta daina karɓar sababbin masu neman shaidarta daga mafi yawan ƙasashen duniya. Matakin ya shafi Saudiyya, ya kuma shafi Nijeriya. Lasisin ma'aikatan lafiya a Saudiyya yana hannun hukumar ƙwararrun lafiya da aka kafa a 1992; reshen ABAI na ƙasar ba ya ba da lasisi. Abin da ƙungiya irin wannan take iya yi shi ne fayyace ma'aunin horo, daidaita kalmomin fannu cikin Larabci, da tsara ƙa'idojin sana'a. Ba ƙaramin aiki ba ne, domin uban da ke biyan kuɗin koyar da ɗansa mai galahanga ba shi da hanyar bambance gwani da ɗan-koyo.

Sai dai a ganina, taƙaita fagen ga galahanga tauye shi ne. Birnin Masana'antu na Biyu da ke kudancin Riyadh, wanda aka kafa a 1976 kuma hukumar MODON take kula da shi, ya isa misali. A 1978 Judith Komaki da abokan aikinta sun yi gwaji a wata masana'antar abinci a Amurka: suka fayyace ayyukan kiyaye haɗari ɗaya bayan ɗaya, suka riƙa lura da ma'aikata, suna liƙa sakamakon inda kowa zai gani. Kiyayewa ta ƙaru, da aka janye tsarin kuma ta koma gidan jiya.

Wannan dabara tana da kaifi biyu. Yawancin leburorin masana'antun Saudiyya baƙi ne, harsunansu daban-daban, kuma zamansu a ƙasar ya rataya ga aikin. Ma'aikaci irin wannan da wuya ya ce a'a idan aka ce za a sa masa ido. Cikin sauƙi takardar lura takan zama hujjar ɗora masa laifi, alhali injin ne ba shi da kariya, ko an ƙure masa lokaci. Nan ne ƙa'idojin ƙungiya suke da amfani: su wajabta wa manazarci neman yardar ma'aikaci cikin harshen da yake ji, su hana miƙa sunayen waɗanda aka lura da su domin a hukunta su, su kuma ba shi hurumin rubuta aibin na'ura a rahoton da zai kai wa mai kamfani.